Igiyar Bahago

Wata Laraba ce a bazarar 1984, ranar kasuwar garinmu, ina 'yar shekara tara. Tun da hantsi na gama ɗebo ruwa, na zuba wa akuyoyi dusa, na ruga bakin gari na zauna a gindin tsamiya ina jiran kakana. Garinmu a ƙasar Daura yake, ƙauyensa kuwa a ƙasar Damagaram, amma tafiyar da ke tsakani ba ta kai mutum ya ji ƙishirwa ba. Duk Laraba yakan taho da jakinsa ɗauke da igiyoyin kaba, na guga da na ɗaurin dabbobi, ya sayar, ya koma da gishiri da kananzir. Ran nan har rana ta take ban ga ko kunnen jaki ba. Sai wata mai tallan fura ta ce mini, "Ke, tashi ki tafi gida, an rufe iyaka." Ni kuwa iyakar da na sani ita ce ta gona, wadda ake dasa wa gamba. Na yi ta mamakin wanda ya yi mata ƙofa.

Kakan nan nawa mahaifin Inna ne, kowa Bahago yake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Ni ma bahaguwa aka haife ni, kuma na sha wuya a kan haka. A gida an ɗaure mini hannun da tsumma don in koyi aiki da dama. A makaranta rula ta san bayan yatsuna. Wajen daka taɓaryata kullum karo take da ta yayyena, wajen carafke kuwa 'yan mata cewa suke ina rikita musu ido, sai in koma gefe ina wasa da duwatsuna ni kaɗai. Shi ne mutum ɗaya da ya taɓa kallon hannun nan ya yi murna. "Zo nan, uwargida," yakan ce, "ni da ke a juye Allah ya yi mu." A bayan rumfarsa ya koya mini tufka: a jiƙa kaba, a tsaga, a danne da babban yatsan ƙafa, a murza. Murɗin igiyarsa hagu yake bi, na sauran masu tufka dama, shi ya sa ko a cikin ɗari ake gane tasa. Na iya farawa, na iya ƙari, saura yadda ake rufe bakin igiya don kada ta warware. Wannan ya ce sai Laraba mai zuwa.

Shi ya sa ran nan ban tafi gida ba, na miƙe hanya sai iyakar. Ashe babu ƙofa. Durom biyu ne, da igiya a tsakani an rataya mata jajayen tsummoki, da masu kaki a inuwa. Can ɗaya gefen ga kakana zaune a gindin aduwa, jakin na tsaye da kaya. Na kama igiyar zan leƙa, sai na ji murɗinta a tafin hannuna. Hagu take bi. Na ƙwala masa kira, "Kaka, taka ce!" Ya taso yana dariya, ya ce da wani saurayi mai kaki, "Yaro, wancan watan ka saye ta a wurina, har na yi maka ragi. Da ita za ka tare ni?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, umarni ne daga sama." Na roƙi kakana ya nuna mini rufin nan take, ya ƙi, wai ba a koyon sana'a a tsaye a bakin hanya. Ya nuna igiyar da ta tare shi ya ce, "Kwantar da hankalinki, kaba ce, ba ta wuce damina ɗaya."

Samari suka koma bi ta daji da kayansu, shi kuwa ya ce bai saci komai ba, ba zai bi hanyar ɓarayi da furfurarsa ba. Mahaifina ya hana ni sake zuwa wurin masu kaki. Rumfar ta zama ta mai igiyar roba, ni kuma ban fasa zaman tsamiya ranar Laraba ba, ina tufka abin da ba zan iya ƙarasawa ba. Wani tsoho ya gwada rufe mini, rufinsa na dama ya kwance a kan murɗina. Na warware bakin igiyar gugarmu don in gano sirrin, na kasa mayarwa, na sha duka. Bayan girbi aka aiko kakana ya rasu. Inna ta bi ta daji ta tafi ta'aziyya, aka bar ni da tsaron akuyoyi. Wata daminar ma ta zo ta wuce, igiyar nan ta iyaka tana nan daram. Na ji haushinsa ƙwarai da ya yi ta da kyau haka.

Yanzu ina Alƙahira, a hawa na biyar a unguwar Faisal. Maigidana ya rasu, 'ya'ya sun watse, ina saro kaya a kasuwar Ataba ina aikawa gida, wani lokaci su yi watanni a hanya saboda wata iyakar da aka rufe. A nan mata daga bene suke zura kwando da igiya, mai burodi ya saka musu, su janye. Tawa ni na tufka da zaren buhu, bakinta kullum a tsefe. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke hawan ƙasa ya gani ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, in sayo miki ta roba mana, khalas, shi ke nan ki huta." Na yi masa godiya na ce ya bari. Duk safiya nakan ƙulle bakin da ƙulli irin na kowa, kafin la'asar ya kwance, in sake. Na haura hamsin, har yau Laraba mai zuwa nake jira.