Shafin da Ke Jiran Auta

Ɗinki take yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Shekara tara ke nan da ƙanenta, Auta, ya bar gida bayan saɓani da mahaifinsu, bai sake waiwayowa ba. Tun da daɗewa ta sa aka buɗe mata shafi a intanet, da hotonsa da cikakken sunansa da saƙo guda: "Baba ya huce. Ka kira ni." A ganinta, kowa wata rana yakan bincika sunan kansa a intanet ya ga me zai fito. Shekara da shekaru shafin ne ke fitowa farko.

Ran nan ta duba, babu shi. 'Yan kutse sun cika shi da tallan caca, injin bincike kuma ya ture shi can baya.

Mai gyaran kwamfuta na layinsu ya share dattin, ya canza kalmar sirri, ya nemi masu injin binciken su sake duba shafin.

"Yaushe zai dawo sama?" ta tambaye shi.

"Sai haƙuri, Anti. Wata biyu, ko uku."

"To idan a cikin watannin nan ya duba fa?"



Kullum da safe, kafin ta hau keken ɗinki, sai ta rubuta sunan a waya. Shafin ya riƙa haurowa kaɗan-kaɗan, a wata na huɗu ya koma farko. Har yau Auta bai kira ba. Ko wanka za ta shiga, da wayar take shiga.