Makarantu Bakwai, Na Rubuta Huɗu

Matata ta gama sakandare a Rawayya shekara biyu kafin aurenmu. Ranar da aka je neman aurenta, mahaifinta ya ce abu ɗaya yake so a yi masa alkawari: in yarinya ta nemi ci gaba da karatu, kada a hana ta. Kawuna ya amsa a madadina. Da aka faɗa mini na ce ba komai, don a lokacin ban ga ranar da maganar za ta taso ba.

Muka zauna a Damba, nan Gusau. Ni ma'aikaci ne a Bungudu, in fita da safe in dawo bayan la'asar. Muka haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Ba ta tayar da zancen karatu ba sai da mahaifinta ya kwanta asibiti. Ita ta yi jinyarsa sati biyar. A nan ta koyi rufe ruwan da ake ƙara masa in ya kusa ƙarewa, da juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, har ta san wace nas ce ke samun jijiya a karon farko. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni, wata ranar Asabar tana tsintar shinkafa, ta ce:

"Malam, aikin jinya nika son in karanta."

Na ce to. Na san ba ta da kiredit a Fiziks, kuma makarantun jinya ba sa ɗaukar mutum sai da shi, don haka amsawar ba ta yi mini wuya ba. Sai ta sake zama jarrabawar gama sakandare tare da ɗalibai na waje, ta ci. Ta yi jarrabawar shiga manyan makarantu, ita ma ta samu maki mai kyau. Daga nan ta ce in nemo mata makarantun da za ta iya nema, tunda ni ke fita, ni na san mutane.

Na yi aikin tsakani da Allah, da farko. Na sami takardar ofis wadda bayanta ba rubutu, na ja layuka. Kowace makaranta na rubuta abin da take buƙata, da lokacin da take rufe sayar da fom, da ko tana barin matan aure su zauna a waje, da kuma hanya. Wasu bayanan na samo a waya, wasu a wurin abokin aikina da ƙanwarsa ta gama. Maganar hanya kuwa tasha na je, na sami wani tsohon direba da na saba shiga motarsa. Ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini inda ake bi da safe kawai, da inda shi kansa ya daina zuwa. Cikin sati biyu na tara bakwai: ta nan Gusau, da ta kiwon lafiya da ke Tsafe, da Sakkwato, Birnin Kebbi, Katsina, Zariya, da wata mai zaman kanta.

Ranar da zan kwafe su a takarda mai kyau, ina ofis, na daɗe ina kallon jerin. Ƙaramin yaronmu bai daɗe da yaye ba. Babbar ta shiga aji ɗaya. Na lissafa shekara uku, na ga kaina ina dawowa daga Bungudu in tarar da gida a rufe. Sai na rubuta Gusau a sama, Tsafe ta biyu, mai zaman kanta ta uku. Na ƙara da Birnin Kebbi, wadda na riga na san ta rufe fom. Sauran ukun ban kwafa ba. Na kuma san abin da ake koyarwa a Tsafe ba shi ne ta ce tana so ba, ma'aikatan lafiya na karkara ake yayewa a can, amma ban rubuta hakan a gefe ba. Na ninke takardar farko na sa a aljihun jakata.

Ta karɓi jerin ta yi godiya, ta karanta sau biyu. Washegari bayan na fita ta kai shi gidan Hajiya, maƙwabciyarmu, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Ban yi tunanin Hajiya ba ko kaɗan.

Da na dawo ta kawo mini abinci kamar kullum, ta jira na ci na wanke hannu, sannan ta zauna.

"Hajiya ta ce ta Tsafe ba ta jinya ba ce."

"Duk aikin asibiti ne ai."

"Ta ce ba ɗaya ba ne. Kuma ta tambaye ni ina Sakkwato. Ta ce nan ta yi tata."

Na ce Sakkwato da nisa. Ta ce ta san da nisa, abin da take tambaya shi ne ko na nemo bayaninta. Sai ta ce:

"Na ga kana rubutu a wata takarda mai layuka. Ba ni ita in gani."

Na buɗe jaka na ba ta. Ta shimfiɗa takardun biyu a kan tabarma, ta bi su da yatsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ambaci alkawarin da aka yi wa mahaifinta ba, ko da yake shi nake jira. Abin da ta ce kawai shi ne, da na gaya mata ba na son ta yi nisa da ta ji, amma ba a ɓoye mata ba. Na ce haka ne. Ta ɗauki biro ta shiga ɗaki.

Jerin da ta fito da shi uku ne. Gusau ta farko, da hannunta ta rubuta. Sakkwato ta biyu, Katsina ta uku. Zariya ta soke ta saboda abin da direban ya faɗa game da hanya, wanda na rubuta a gefe. Ta ce Juma'a mai zuwa in kai ta Rawayya wurin Inna, mahaifiyarta.

Mun tarar da Inna tana ɓarzar masara a tsakar gida. Matata ta yi mata bayani daga farko. Inna ba ta karatun boko, amma ta karɓi takardar ta riƙe, ta ce a karanta mata garuruwan. Da aka zo Sakkwato ta dube ni.

"Kai mi ka gani?"

Na ce yaran nake tunani.

"Yara na da kaka," in ji ta. "In an gama kaka ni taho Gusau in zauna. Gona ƙannenta su ji da ita. Wani abu?"

Na ce babu.

Muka sayi fom biyu, na Gusau da na Sakkwato. Ni na cike su a shagon intanet, tana zaune kusa da ni tana karanta kowane layi kafin a tura. Ta yi jarrabawar tantancewa a duka biyun. Da sunayen Gusau suka fito babu nata, masu nema sun yi yawa a shekarar. Na je na duba allon da kaina har sau biyu, kuma ba zan ce na san abin da nake fatan gani ba. Bayan sati uku Sakkwato suka kira ta.

Ni na raka ta. Muka shiga motar farko, muka wuce Bungudu ma'aikata ba su fara fitowa ba. Ta sami ɗaki tare da wata matar aure 'yar Talata Mafara. Na saya mata bokiti da risho da katifa, na ga an yi mata rajista, na juyo a ranar.

Inna ta zo bayan girbi kamar yadda ta ce. Zama da suruka a gida ɗaya yana da nasa takura: na daina cin abinci a tsakar gida, na koma zaure. Yaron ya yi kukan uwarsa kwana goma ya haƙura. Yarinyar ce ta fi daɗewa, don ita ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina ba ni labarin makaranta.

Yanzu matata tana shekara ta biyu, an fara tura su ɗakunan marasa lafiya. Tana zuwa gida ƙarshen kowane wata in hanya ta yi kyau. Zuwanta na baya ta auna wa Inna hawan jini, ta ce a rage gishiri a miya. Inna ta ce ta ji. Ba a rage ba.