Gani Ba Hujja Ba Ne

Shekarar da aka tashe mu daga bakin Komadugu, ina aji huɗu na kwaleji. Muka bar gonar tattasai wajen Geskeru, muka kafa rumfa a gefen Difa, aka sa ni makarantar tanti.

Malaminmu na lissafi, wanda muke kira Mushe irin na Faransanci, mutum ne mai taurin kai. Wata rana ya zana layi biyu a allo, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ya ce mu nuna cewa sun haɗu daidai kamar bango da daɓe. Na duba, ko makaho ya shafa ya san daidai suke. Sai na rubuta: ana gani. Ya ba ni sifili.

"Gani ba hujja ba ne," ya ce. Ya ja layi na uku ya haɗa bakinsu, ya auna: uku, huɗu, biyar. Uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, jimla ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. "Yanzu mun sani. Ɗazu zato muke."

Ni kuwa a lokacin wata biyu ke nan da kama wana. A shingen bincike aka sa samari suka tuɓe riga. Aka ga kanta a kafaɗarsa, aka ce shaidar igiyar bindiga ce. Igiyar famfon feshi ce. Tun yana ɗan saurayi yake goya famfon nan yana yi wa tattasai magani, kowa a garinmu ya sani. Babanmu ya ɗauki famfon ya yi ta yawo da shi ofis ofis, ba wanda ya ko ɗaga ido ya dube shi.

Na miƙe na ce, "Mushe, ai da gani aka tafi da wana."

Malam ya daɗe yana juya alli a hannu, sannan ya ce, "Zauna, 'yata." Sifilin dai bai goge ba, kuma na ji haushinsa, don ya fi ni gaskiya kuma gaskiyarsa ba ta wuce bakin tanti ba.

Na ci jarrabawa. Har yau ko daga barci aka tashe ni zan kawo hujjar layukan nan. Wana bai dawo ba, ba a kuma ce mana ya mutu ba. Famfon yana rataye a ɗakin innarmu, igiyar ta bushe, inna ta hana kowa ya taɓa.