Kayan Ƙanƙarar da Na Zaɓa wa Maigidana

Shekarun baya, lokacin korona, na taɓa zaɓa wa mutum kayan zama a kan ƙanƙara ina zaune ƙarƙashin fanka, zufa na bin bayana. Ni da ban san wata ƙanƙara ba sai ta firij.

A unguwar Taman Melati muke lokacin, can ƙasar waje inda karatu ya kai mu. Maigidana ya gama karatu, ya samu aiki a Kanada, ya yi gaba a kan zan bi shi in takarduna sun fito. Bai daɗe da sauka ba aka rufe ko'ina. Na rage ni kaɗai a bene, ina leƙen jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ba kowa a ciki. Ni dama ba mai yawo ba ce, amma ashe daɗin zaman gida shi ne a samu wanda za ka ce wa "miƙo min wancan".

Kullum muna waya ta bidiyo, safiyata yammacinsa. Fuskarsa ce kawai ke cika wayar. Ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya yi min ƙarya. Mutumin da in ya fara labari sai shayi ya huce, ya koma "lafiya lau" da "to, Allah ya kai mu". Na ji a jikina zaman ɗaki shi kaɗai yana cinye shi.

Wata rana ya ce abokan aikinsa sun gayyace shi kamun kifi.

"A sanyin nan?"

"A kan tafki. Ruwan ya daskare, sai a huda rami a zura ƙugiya. Ba zan je ba, ba ni da kayan."

"Wallahi sai ka je. Turo min hotunan kayan."

Tun da muka yi aure bai taɓa saya wa kansa ko singileti ba. Ni ke zuwa kasuwar Masjid India in murza yadi a hannu, in kai wa tela, awonsa a kaina yake. To ga hotuna sun zo. Jaket mai kauri kamar katifa, da wani wando da ya hau har ƙirji, da igiyoyi a kafaɗa irin na makanikai. Ba damar taɓawa, ba damar shinshinawa. Har kaina na zura a firiza don in ji abin da ake nufi da sanyi. Abin da na samu atishawa ce.

Na kira maƙwabciyata, wata 'yar Jos mai karatun jinya. Bango ɗaya ne tsakaninmu, amma sai dai waya.

"Maman gida, ke Bakanuwa me kika sani game da sanyi? Bar min wannan, mu ne 'yan Jos."

"Ku da sanyinku na suwaita ɗaya?"

"Abeg, karanta miki zan yi ko in kashe?"

Ta karanta min bayanin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ruwa ba ya ratsa shi. Wannan an ƙara masa kauri a gwiwa saboda durƙuso. Na ce yawwa, zai yi daɗin sujada. Sai ta zo kan wani, ta ce shi in ƙanƙarar ta fashe mutum ya faɗa, zai taso da shi saman ruwa.

"Fashewa take yi?"

"Wani lokaci."

Na zaɓi wannan ɗin, kuma ruwan lemo mai kashe ido, don a hango shi daga nesa. Mutumin da daga farin kaya sai ruwan sararin samaniya yake sawa.

Da na faɗa masa lambar girman da zai saya, sai ya ce:

"Hajiya, ba za a rage ba?"

"Dakta, ni za ka gaya wa faɗin kafaɗarka?"

Haka ya saya.

Ranar da kayan suka iso na ce sai ya sa na gani. Ya jingina wayar a tebur, ya ja da baya. Rabon da in ga mijina daga sama har ƙasa tun a filin jirgi. Ya ɗaure igiyoyin wandon har ƙarshe, amma da wani zai shiga su biyu, da wurin ya ishe su. Jaket ɗin ya rataya kamar a jikin ƙusa. Wuyansa ya zama siriri, agogonsa na yawo a hannu.

Dariyar da na tanada ta maƙale.

"Me kake ci?"

"Ina ci mana."

"Me?"

"Biredi. Da shayi." Ya kalli ƙasa. "Ba daɗi mutum ya zauna ci shi kaɗai. Bari in mayar musu su ba ni ƙarami."

"Ba inda za a mayar. Ka jibga suwaita a ciki ka je. Sauran wurin kuma kai za ka cike shi."

Ina faɗa ina kallon kwandon sharata, cike da robobin tapau, wato abincin saye. Ni ma rabon da in ɗora tukunya na manta.

Washegari muka fara girki tare. Ya jingina waya a kicin ɗinsa, na jingina tawa. "Albasar ta yi, zuba tumatir. A'a, rage wutar, Dakta, ba gobara na ce ba!" Shi abincin darensa, ni karin kumallona. Haka na riƙa cin shinkafa da miya da sassafe, muna tauna muna kallon juna.

Ya je kamun kifin. Ya turo min hoto, farin fili har iyakar gani, ga wani ɗigo ruwan lemo a tsakiya riƙe da kifin da bai kai tafin hannu ba. Ranar ya yi min surutu har wayata ta mutu. Sai da na ajiye ta na yi kuka, don shi ya fita, ni ina nan da fankata.

Kafin takarduna su fito, igiyoyin nan sai da ya sassauta su.

Yanzu muna tare, abin ya wuce. Amma har yau in na tuna watannin da na yi ina kallon fuska kawai, ina cewa na san lafiyar mutum, sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa in na kira mahaifiyata a Kano, muna gama gaisawa nake cewa, "Inna, ajiye wayar ki ja da baya." Ta yi ta mita, wai na mayar da ita 'yar talla. Ina jin ta, ba na kashewa sai na gan ta har ƙafa.