Ni na ɗauki jarkar

Har yau in ana fasa ɗanyar citta kusa da ni, sai in tashi daga wurin. Kai ƙila shayi za ka tuna. Ni kuwa yayana nake tunawa, wanda ake so in yarda shi ya lalatar da kansa. Ban yarda ba.

A Fadan Kagoma muka tashi. Da ruwan farko ya sauka, Kawu, ƙanen babanmu, yakan tara samarin gida su yi masa kaftu a gonar citta. Ni ce mai kai musu kunu, ina 'yar shekara tara, jarka a ka, jar laka har ƙauri. Kafin in ɗauka, Kawu yakan murƙushe waɗansu ƙwayoyi da bayan cokali ya zuba a ciki. "Maganin gajiya ne," in ji shi. Haka ake yi a gonaki da yawa, ba mai ɗaga ido.

Yayana na da shekara sha biyar. Ga son yabo, ga babanmu ya rasu, ba mai ce masa ya isa haka. Sai ya sha kofi biyu ya riƙe garma har rana ta karkata, tafin hannunsa na jini, shi yana dariya. Kawu na nuna shi yana cewa, "Ga namiji!" Kaka kaɗai ta taɓa shinshina jarkar ta tuntsurar da ita. Aka ce rikicin tsufa ne.

Damina uku, yayana ya daina iya tashi sai da ƙwaya. Yanzu yana Sabon Tasha, yana kwana a rumfar masu facin taya.

Bara aka yi taron gida bayan sujadar Lahadi. Kawu, wanda yanzu dattijo ne a ikilisiya, ya gyara murya. "Miyagun abokai ne suka ɓata shi. A cire shi daga rabon gona."

Na miƙe, Mama na jan zanina. "Kawu, waɗanne abokai? Ni na ɗauki jarkar. Cokalin ma na gani."

Ya ce ba ni da kunya. To, ba ni da ita! Amma ba wanda ya sake tada maganar rabo.

Yau samari ba sa jiran kunu, a shago suke sayen ƙwayar, manya kuma sai wa'azi kan yaran zamani. Ni ke noma gonar yayana har ya dawo. Kunun masu kaftu da hannuna nake damawa, kuma ni ke fara sha a gabansu.