Ranar da Na Ƙarar da Ruwan Randa

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar nan ta farkon daminar bana. Na rubuta wannan ne saboda ƙannena biyu da aka ɗauka aiki bayana, da duk wadda ke riƙe da ajin ƙanana a ƙauyukanmu.

Ina aiki a wata ƙaramar makarantar rainon yara da ke gefen Paki. Ni ba cikakkiyar malama ba ce, sakandare kawai na gama. Mataimakiya ce, wato ni ke kai yara bayan gida, in share majina, in raba faɗa. Yara na kirana Anti Sa'a. Shugabarmu Malama Rabi ce, ita ta kafa makarantar, kuma ba a ja da maganarta.

Tun lokacin korona Malama ta kafa dokar sanitaiza, ruwan nan mai sanyi da ƙamshin lemo da ake murzawa a hannu ya bushe. Ƙarfe goma na yi yara su ja layi, in ɗiga wa kowa, sannan su buɗe abincinsu. Tana da hujjarta: rijiya na da nisa, randarmu ɗaya ce kuma ta sha ce, ga yara in sun ga ruwa sai sun jiƙa yunifom. Gaskiya ni ma ina son abin. In na riƙe robar nan ji nake kamar nas.

Ran nan an wayi gari da ruwa, manya duk sun tafi shuka. Da aka ja layi sai ga 'yan mata shida da tafin hannu jajir. Asabe, 'yar shekara biyar, ta ɗaga min nata tana washe baki.

"Anti, kin ga lallenmu? Ni ce mai ƙunshi!"

"To, Hajiya mai ƙunshi, Sallah ta zo ne ba a gaya min ba?"

Na ɗiga mata, ta murza. Sai jan ya narke, ya bi tsakanin yatsunta, ya gangaro wuyan hannu. Lalle ba ya yin haka. Na kamo hannun na shinshina. A ƙarƙashin ƙamshin lemon akwai wani wari da na sani tun ina yarinya, warin hannun Babana in ya cuɗa irin masara da jan magani kafin shuka. Na ce ta nuna min lallen. Ta zaro ƙaramar leda daga aljihu: ragowar maganin iri ce da ta tsinta a bakin gonarsu, suka kwaɓa a murfin kwalba.

Ban san sanda na kurma ihu ba. "Kada wanda ya taɓa abinci!"

Malama ta fito daga ofis. "Sa'a, kasuwa ce nan? Ƙara musu sanitaiza mana, ai yana kashe komai."

"Malama, ba ya fitar da shi, yaɗa shi yake yi. Ki duba."

Na nufi randa da buta, na ɗauko sabulun da nake wanke kofuna.

"Ke! Ruwan shansu ne. In kin ƙarar me za su sha har azahar?"

Na cika butar na ce, "Ki yi haƙuri, Malama, ki kore ni daga baya."

Ban tara ruwan a roba kowa ya tsoma ba kamar yadda muke yi a gida, don na ga duk za a raba dafin ne. Ɗaya bayan ɗaya nake cuɗawa, har ƙarƙashin farce, ruwan na zuba ƙasa ja kamar zoɓo. Malama ta tsaya tana kallo. Can sai ta naɗe hannun riga ta karɓi butar. "Ke cuɗa, ni in zuba."

Muka wanke biyar. Ta shida ba ta nan.

A bayan ƙofa na sami Walida, ƙaramarsu, 'yar shekara uku. Ta sulale daga layi, ta ɓuya tana cin ƙosanta, tana lashe yatsu, gefen bakinta ya yi ja. Da ragowar ruwan ƙasan randa na wanke mata baki da hannu, na saɓa ta, na cusa ledar maganin a jaka, muka tare mai babur. A hanya ta yi amai a hijabina. Ni dai sunanta nake ta kira har muka isa.

A asibiti nas ta karɓi ledar ta karanta. "Kun ba ta manja?"

"A'a, ba mu da shi."

"Gara da ba ku da shi. Ba a ɗura wa yaro komai, kawo shi ake yi."

Suka riƙe ta har bayan la'asar. Allah ya taimaka kaɗan ta lasa. Da mahaifiyarta ta iso daga gona, Walida na zaune tana neman a ba ta sauran ƙosanta. Nas ɗin ce ta fayyace min abin da idona ya gani: sanitaiza ƙwayoyin cuta yake kashewa, amma ba ya ɗauke guba ko maiƙo ko ƙasa daga hannu. Sai sabulu da ruwa mai zuba.

Washegari na je makaranta da shirin karɓar sallama. Na tarar da mahaifin Asabe a ƙofa, kansa a sunkuye, da jarkoki biyu na ruwa a bayan kekensa. Har yau shi ke kawo mana. Malama ta kira ni ofis.

"Jiya kin yi min ihu a gaban yara."

"Na yi, Malama."

"To, gobe ma in kin ga irinsa, ki yi."

Yanzu kafin cin abinci sabulu ne da buta. Sanitaiza na nan, muna shafawa bayan an share hanci ko an yi atishawa. Yunifom na jiƙewa, hutun cin abinci na ƙara tsawo, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ƙannena, yaranmu daga gona suke zuwa, abin da ke gona shi ke hannunsu. Wannan aiki ba ɗiga ruwa ba ne, kallon hannun ne kafin a ɗiga. Bayan Sallah 'yan matan suka dawo da lalle na gaske, amma sai da na murza tafin kowacce da babban yatsana. Da na zo kan Walida ta miƙo nata biyu da kanta, ta ce, "Anti, wannan ba ya fita."