Benci Ɗaya da Adda

Shekarata huɗu aka kai ni matarnel, makarantar 'yan ƙanana da aka buɗe kusa da unguwarmu a Garwa. Innarmu soyayyen kifi take sayarwa a bakin gadar Binuwai, kuma ba don boko ta kai ni ba, tsoro take kada wata rana in faɗa cikin kaskon mai. Yayata, wadda nake kira Adda, ta ba ni shekara uku. Aka ce ta yi girma da wannan aji, ta jira a sa ta a firamare.

Malamarmu, wadda muke kira Madam, 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa ba ta jin Fulatanci. Sauran yaran 'ya'yan ma'aikata ne, da Faransanci suka zo daga gida. Na yi wajen wata uku ban ce uffan ba. In an fita wasa sai in tsuguna gindin dalbejiya ina jera duwatsu. Madam kan zo ta tsuguna gefena, ta ɗaga dutse ɗaya ta faɗi sunan lambar, ta ƙara wani. A haka bakina ya buɗe.

Adda kuwa ta faɗa aji cike maƙil, malami yana zuba yaren da ba ta taɓa ji ba. Ta maimaita aji, ta sake maimaitawa, ni kuma aka tsallakar da ni guda. A aji uku muka haɗu a benci ɗaya. Ranar da malami ya yi mata tambaya ta yi shiru, ya juyo kaina, na amsa da sauri ina murna. A hanyar gida ta ce, "Gobe ki zauna a gaba."

"Me na yi, Adda?"

"Ba ki yi komai ba."

Kafin shekara ta ƙare ta koma wajen kasko tare da Inna. Daga baya ta auri wani manomin shinkafa suka tafi Maga. Ni na ci gaba har na ci jarrabawar ɗaukar aiki, aka tura ni Banyo, sakatariya a wani ofishin gwamnati. Shekara tara ke nan. Ɗaki ɗaya nake haya. A ofis Faransanci, a kasuwa Fulatanci, sai in yi mako ban yi Hausa da kowa ba.

Bara na ɗauki hutu na je Maga, kwana biyu a hanya. Adda ta yi ƙiba, tana da rumfar shinkafa, mata sai shigowa suke ana raha. Ta rungume ni, ta ce wa maƙwabta, "Ga ƙanwata ma'aikaciya." Da rana ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ɗaki, ta kawo tuwo da miyar kifi a kwano mai murfi, har da cokali.

Na ce, "Adda, bari in fito mu ci tare."

Ta ce, "Haba, ke da kika sha hanya. Waje duk ƙuda ne."

Ta saki labule ta fita. Ina jin su a tsakar gida sun kewaye kwano ɗaya, yara na rigima a kan kan kifi, tana raba musu. Na ci loma kaɗan na rufe kwanon. Kwana uku na yi maimakon mako, kuma da na ce zan tafi ba ta hana ni ba, sai dai ta cika mini buhu da shinkafa ta raka ni har tasha.